Ku Tambayi Anti: Kafe-kafen Birni, Bil Mai Sa Gumi da Fizar Suya

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, wato sabbin wuraren cin abincin nan da suka cika gari, kafe-kafe da gidajen da ake haɗa girkin nan da na can, ko albashi ne ya shigo ko lokacin bukukuwa ne ya sa kowa ya fita oho. Na tsinci guda shida, wanda bai ga nasa ba ya yi min uzuri shafin ne bai da yawa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni saurayi ne ina sana'ar waya, ranar Asabar na ce zan kai wadda zan aura wani kafe a wajen Nasarawa GRA, ashe da ƙannenta biyu da ƙawarta za ta fito, ban ce komai ba. Na yi lissafi a raina daga menu abin da muka ci dubu 40 ne, da aka kawo bil sai na ga dubu 47 da wani abu, wallahi sai da gumi ya karyo min duk da sanyin esi. Na biya na yi shiru don kar na ji kunya a gabansu, har kuɗin man mashin ɗina sai da na haɗa. Anti cutata suka yi ko haka abin yake?
Ƙaninki daga Kurna, Kano

AMSA: Ƙanena sannu, na ji maka wannan gumin har nan inda nake zaune. Amma ba na jin cuta ce, lissafin ne ka yi shi rabi. Yawancin wuraren nan farashin da ke jikin menu ba shi ne na ƙarshe ba, can ƙasan shafin da ƙananan rubutu kamar jerin tururuwa za ka ga sun ce ban da haraji da kuɗin hidima. Harajin VAT kashi 7.5 ne cikin 100, tun watan Fabrairun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5, wannan na gwamnati ne. Sai kuɗin hidima da suke cewa sabis caji, shi kuma mai wurin ne ke yanka abinsa, wani 5 wani 10. To ɗauki dubu 40 ɗinka, harajinta dubu 3, sabis na kashi 10 dubu 4, ka ga 47 ta fito cif. Wancan "wani abun" da ya hau kai kuwa ina kyautata zaton ruwan roba ne, wanda weta zai zo ya ajiye ya buɗe tun kafin ka ce uffan, kai kana zaton karamci ne irin na gida da ake tarar baƙo da ruwa, ashe yana cikin bil. Wasu jihohin ma suna da nasu harajin daban, Legas misali kashi 5 take ɗorawa a otal da gidajen abinci tun 2009.

Sannan ka san me ka saya a wurin nan? Ba shinkafa da kaza kawai ba, kujerar ka saya da sanyin da fitilun nan masu ruwan ɗorawa da bangon da ƙannen nata suka yi ta ɗaukar hoto a jiki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit, ga janareta na shan dizal in an ɗauke, ga cuku da kirim da wasu kayan da sai an shigo da su da dala, duk wannan a farantinka yake sauka. Ba kare su nake ba, akwai masu tsawwalawa haka kawai don sun ga unguwar masu kuɗi ce, amma ka sani dai ba farashin mai abincin bakin kasuwa za ka tarar ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shirun da ka yi. Haƙƙinka ne ka karɓi bil ka bi shi layi-layi, ni kaina an taɓa sa min lemo biyu da ban sha ba, na teburin kusa da mu ne aka juye min, da na nuna aka cire aka ba ni haƙuri, babu wanda ya mutu. In kana jin nauyin idonsu tashi ka je kanta kamar za ka amsa waya ka yi maganarka a can. Kuma kafin ka fita leƙa shafinsu na Instagram, da yawa suna sa menu, in babu tura saƙo ka tambaya "farashin nan har da VAT da sabis?" shikenan.

Maganar 'yan rakiya kuma, ƙanena, ba laifin kafe ba ne. A al'adarmu yarinya ba ta fita ita kaɗai da saurayi, wannan daidai ne, amma rakiya mutum ɗaya ce ba tawaga ba. Ka gaya mata cikin raha tun a waya, ke da wa za ku zo don in shirya. Matar da za ka aura ita ce ta farko da ya kamata ta san nauyin aljihunka, in ka fara da ƙaryar arziki tun yanzu ranar lefe za ka yi bayani.

TAMBAYA: Anti don Allah mene ne wannan fiyushon da ake ta yayi? Na je wani wuri da 'ya'yana na ga fiza da suya a kai, taliya da kilishi da madara, har da wai boga ta masa. Ni dai gani nake ɓata mana abinci kawai ake yi don a cajemu kuɗi, tuwo ai ba a sauya masa suna. Ko ni ce na tsufa?
Hajiya daga Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, ba ki tsufa ba, rabin maganarki ma ina tare da ke. Kalmar dai ma'anarta gwama girkin al'umma biyu ko fiye a faranti ɗaya. A Amurka aka yi mata suna ta zama yayi, ana yawan ambatar wani mai girki Wolfgang Puck da ya buɗe gidan abinci a Santa Monica a 1983 yana haɗa girkin Sin da salon Faransa. Amma suna kawai suka raɗa, aikin kam mun daɗe muna yi ba mu sani ba.

Ki tsaya gaban teburin mai shayi da daddare ki kalla. Indomie daga Indonesiya ta taso, ƙarshen shekarun 1980 ta shigo Najeriya kafin a fara yin ta a Ota ta jihar Ogun, mai shayi ya kama ta ya watsa mata attaruhu da albasa ya soya ƙwai ya kifa a kai, ga biredi na Bature, ga shayi da madarar gwangwani ana ɗaga shi sama ana sheƙawa daga kofi zuwa kofi. Ƙasa nawa kika ƙirga a teburin nan? Babu wanda ya ce ya ɓata al'ada. Gurasar da Kanawa ke alfahari da ita, ta Jakara, daga Larabawa aka samo ta, shi kansa tanderun da ake gasa ta ɗan uwan tannur ɗinsu ne har a suna, amma da aka yayyafa mata ruwa aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir ta zama bandashe, je ki nemo Balaraben da zai ce tasa ce. Kai ita gyaɗar ma da barkono da tumatir da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo mana, kin ga ke nan yajin tsiren da muke cewa namu ne tun kaka da kakanni shi ma ɗan haɗi ne, ya daɗe ne kawai har ya zama ɗan gida.

Shawarma ma haka. Kwarori 'yan Labanan sun daɗe a Kano tun zamanin cinikin gyaɗa bayan zuwan jirgin ƙasa, har titi ne da sunan Beirut a garin, amma shawarmar da 'ya'yanki ke ci yau da kabeji da mayonis da kecaf da sosej guda biyu a ciki, in kika miƙa wa mutumin Beirut zai tambaye ki mene ne wannan, su da tafarnuwa ko ruwan riɗi da kayan tsami suke ci. 'Yan uwansu da suka yi ƙaura zuwa Meziko su ma sun kai wannan gashin na ƙarfe mai juyawa, mutanen can suka maida shi nasu suna naɗewa a wainar masara, sai dai su da naman alade suke yi, in Allah ya kai ki can ki kiyaye. Mu ma namu ya yi tafiya, waakye da ake ci a Ghana shinkafa da wake ce tamu, sunan ma daga wake ya fito, da karan dafi suke dafa ta ta yi ja, ga tuo zaafi wato tuwon zafi, ga agashe a Sudan. Acca da ake nomawa a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna, wadda wasunmu ke rainawa, wani mai girki ɗan Senegal Pierre Thiam ya kai ta har Harlem a birnin New York inda ya buɗe wurin cin abinci a 2019 ana layi ana saya.

Inda nake tare da ke shi ne, ba kowane haɗi ne girki ba, wani haɗin kwamacala ce da ado. Bari in ba ki biyu da na ci da bakina. A wani ɗan wuri a Abuja aka kawo min bogar masa, na karɓa ina taɓe baki, ashe mai yin ta ta san masa, kullun ya kwana ya yi ɗan tsamin nan, daga tanda aka ciro ta gefen ya yi ƙurus-ƙurus cikin kuma laushi, aka sa tsire yankakke a tsakani da albasa da ɗan mayonis da aka kwaɓa da yaji, man yana bin yatsuna ina lashewa, wallahi sai da na ƙara. Don me ta yi daɗi? Don dama masa da tsire abokan juna ne, siffa kawai aka sauya. Amma taliya da kilishi da kirim da na ci a wani wurin, Hajiya, Allah ya isa kuɗina. Kilishi duk darajarsa a bushewarsa take da labun da ke jikinsa, su kuma suka jefa shi cikin kirim ya jiƙe, labun ya narke ya zama wani kunu mai zaƙi-zaƙi, naman ya koma kamar jiƙaƙƙen kwali. Da sun daka shi sun barbaɗa a kai bayan an sauke da wataƙila wani labarin ake. Wanda ya yi wannan bai san kilishi ba kuma bai san taliyar ba, hoto kawai ya gani.

Fizar suya kuwa tana yin daɗi in ba a cika cuku ba kuma an sa naman daga ƙarshe bai bushe a oben ba. Zoɓo da na'a-na'a da ƙanƙara, kunun aya da dabino a markaɗe, fura da yogot, waɗannan duk sun zauna. Shawarata in kun koma ki yi odar abu ɗaya da kika sani ki ƙoshi da shi, sabon kuma a sayi faranti ɗaya kowa ya sa hannu, in bai yi ba asarar ba ta da yawa.

TAMBAYA: Salam Anti. Ina aiki a Abuja, abokan aiki kan ja ni cin abincin rana a wuraren Wuse 2 da Maitama, menu duk sunaye ne da ban sani ba. Ina tsoron in ci haram ban sani ba, kuma ina jin nauyin yin tambaya a gaban mutane kar a ce na cika tsanani. Me zan kula da shi?
Wani ɗan uwa, Gwarinpa

AMSA: Malam, wannan nauyin ka ajiye shi, Bature in gyaɗa ba ta karɓe shi ba sai ya tsayar da weta ya yi masa tambaya goma babu wanda ke cewa ya cika tsanani, kai da addininka ne za ka ji kunya? A Kano ko Sakkwato abin da sauƙi, a Abuja da Legas kuwa inda kicin ɗaya ke dafa wa kowa sai ka buɗe ido.

Wajen nama, in ka ga bacon ko ham ko pepperoni ko salami, asalinsu da alade ake yi ko a gauraya da shi, wurare da yawa a nan suna amfani da na sa ko na talotalo amma sai ka tambaya, kar ka ɗauka. Taliyar da ake kira carbonara a Italiya da kumatun alade ake yin ta. Ka kuma tambaya ko a kasko ɗaya ko mai ɗaya ake soya komai, don wani wurin kazarka halal ce amma a man da aka soya wancan aka tsoma ta.

Giya ita ce mai ɓuya. Tiramisu, kayan zaƙin nan mai kofi, wasu suna zuba masa giyar Marsala ko rum. Girkin Japan akwai mirin, giyar shinkafa ce mai zaƙi da ake sa wa miyar teriyaki da makamantanta, na Sin ma suna da tasu giyar girkin, risotto da miyar bolognese su ma sau da yawa da giya ake tashinsu. In ka ga wine ko rum ko beer ko brandy a bayanin da ke ƙarƙashin sunan abinci to ka gane. Kuma kar weta ya ce maka ai ta ƙone a wuta, ba duka take tashi ba, wani kaso yana saura gwargwadon daɗewar girkin. Ga wanda zai ba ka mamaki, Chapman ɗin nan ja da muke sha a biki muna ganin lemo ne kawai, a asalin haɗinsa ana ɗiga masa Angostura bitters, ita kuwa kwalbar kashi 44.7 cikin 100 barasa ce. Ɗigo kaɗan ake sawa, hukuncin ɗigon kuma na bar wa malamai, amma kana iya cewa a yi maka ba bitas, mutane da yawa haka suke sha. A jerin abin sha kokteil mai giya ne, mokteil babu, in an rubuta virgin a gaban suna shi ma babu. Sai jelatin da ke cikin wasu kek masu cuku da alawa mai danƙo, ana yin sa daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa alade, sai in an ce na sa ne na halal ko na kifi.

In weta ya fara kame-kame ce masa ya je ya tambayo kicin, in har yanzu amsar ba ta fito ba ga gasasshen kifi da dankali ko dafa-duka, ci ka tashi. In kuma ba ka son yi a gaban abokan aikin, kira wurin da safe ka tambaya sau ɗaya, ka samu wurare biyu uku da ka yarda da su, duk ranar da aka ce ina za mu sai ka riga kowa faɗa.

TAMBAYA: Anti na ji kunya wlh. Mun je kafe da ƙawayena na ga espresso shi ne mafi araha na ce a kawo, sai ga wani ɗan kofi kamar na wasan yara, ɗaci kamar maɗaci, na daure na shanye ina murmushi, daren nan kuma ban runtsa ba. Me ya kamata in ce a ba ni?
'Yarki ɗaliba daga Zariya

AMSA: 'Yata na yi dariya har da hawaye, yi haƙuri, kusan kowa da wannan ɗan kofin ya fara. Espresso tsantsar kofi ne da inji ke matso ruwan zafi ta cikin garinsa da ƙarfi, bai fi mililita 30 ba, kamar cokali biyu na cin abinci, kuma shi ne uwar sauran. In an ƙara masa ruwan zafi ya zama americano, in an cika shi da madara ya zama latte, in kumfar madarar ta fi yawa cappuccino ke nan, in an sa cakulan kuma mocha, sunan daga wata tashar jiragen ruwa ta Yaman ya samo inda a da ake fitar da gahawa, ita kuwa bishiyar asalinta Habasha. Ke da kika saba da shayi mai kauri latte ko mocha za ki nema, in zafi ake ki ce mai ƙanƙara, sukari kuma sai kin zuba da kanki ba sa sawa.

Rashin barcin kuwa sinadarin kafin ne, bayan awa biyar ma kusan rabinsa yana nan a jiki, don haka in la'asar ta wuce ki haƙura da kofi. Shi ne dai a cikin goro, kakarki ta riga ki sanin wannan. In ma kofin bai yi miki ba ki nemi shayi ba wanda zai kama ki, ganyen shayi har a tsaunin Mambila na Taraba ake noma shi.

TAMBAYA: Anti na ci soyayyar shinkafa da haɗin kabeji a wani wuri mai kyau, cikin dare na kama amai da gudawa. Maƙwabciyata ta ce taifot ne in sayi maganinsa. Haka ne?
Maman yara, Jos

AMSA: Ƙanwata sannu da jiki, amma kar ki sayi komai da faɗar maƙwabciya. Taifot ba ya nuna kansa a dare ɗaya, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye bayan ƙwayar ta shiga. Abin da ya kama ki cikin 'yan awanni ya fi kama da gurɓatar abinci. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta Bacillus cereus da dafuwa ba ta kashe irinta, in aka dafa aka bar ta a waje ta huce tana jiran oda sai su hayayyafa su saki dafi, shi kuma dafin ko an sake soyawa yana nan. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa 1, ki auna da yadda ake ɗauke wuta firji ya kwana yana zufa. Haɗin kabeji da mayonis ma in ya rasa sanyi bai da amana. Kyan fenti da fitila ba sa nuna halin kicin, ni banɗakinsu nake fara leƙawa, kuma na fi yarda da wurin da ke da ciniki don abincinsa ba ya kwana.

Yanzu dai ki yi ta shan ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan. In kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko ruwa ma ba ya zama, ko ya wuce kwana biyu, ko kina da juna biyu, asibiti kai tsaye. In yaran sun ci tare da ke ki sa musu ido sosai su ruwan jikinsu saurin ƙarewa yake. Ki kuma kira wurin ki gaya musu.

TAMBAYA: Anti ni weta ce a wani kafe, ina karanta shafinki kullum. Don Allah ki yi wa mutane magana. Wani zai kira ka da "ke!" yana buga tebur, wasu za su yi minti 20 suna ɗaukar abinci hoto ya huce sannan su ce mun kawo da sanyi a sauya, wani ya zo da laftof ya sayi ruwa ɗaya ya zauna awa biyar yana cajin waya da shan wayfai, in manaja ya gani mu zai yi wa faɗa. Ga masu tiransifar ƙarya, in kuɗin bai shigo ba a albashinmu ake cirewa. Sabis cajin da suke gani kuma ni dai ban taɓa ganin ko sisi ba.
Ƙanwarki, Kano

AMSA: Ƙanwata ga shi na sa saƙonki yadda kika turo ban taɓa ko kalma ba, masu buga tebur sun ji da kunnensu. Mai laftof, in za ka wuce awa biyu ka ƙara oda, in lokacin cin abincin rana ya yi wuri ya cika ka koma ƙaramin tebur. Masu hoto ku ɗauka biyu ku ci abincinku. Ƙanena na Kurna da ke sama kai ma ka ji inda dubu 4 ɗinka ba ta je ba, shi ya sa ni in yarinya ta yi min hidima da fara'a nake damƙa mata ɗan abin da ya samu a hannunta, ba a cikin bil ba.

Ke kuma ga naki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin kafe-kafe ba su kai ba, don haka abin da zai tsare ki shi ne yarjejeniya a rubuce, ko a takarda ɗaya ce, albashi nawa, awa nawa, me ake cirewa me ba a cirewa. Maganar sabis caji ku haɗu ku duka ku tambayi manaja cikin ladabi yadda ake raba shi, kar ki je ke kaɗai a ce ke ce mai baki. Tiransifa kuwa kar ki ƙara karɓar hoton rasit a waya a matsayin biya, ki ce ranka ya daɗe a ɗan jira alat ya shigo, ko ki kai shi kanta mai karɓar kuɗi ya tabbatar da kansa, ko a kawo POS, in kuɗin ya maƙale a hanya ya zama tsakaninsa da kanta ba tsakaninsa da albashinki ba. Ki sake rubuto min bayan kun yi magana da manajan in ji yadda kuka ƙare.